Ɓargo da Kuɗin Mota: Me Maras Lafiya Ke Bin Danginsa?

 

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure har ya kai Muhtasar na Shaihu Halil ya gamu da wata mas'ala da akan wuce da sauri, mas'alar zare. Ga yadda take. Mutum ya samu rauni mai zurfi a ciki, irin wanda in ba a ɗinke ba zai mutu. Kai kuma kana da zare, ba ka da buƙatarsa a lokacin, sai ka hana, har mutumin ya cika. Malaman Malikiyya suka ce akwai lamuni a wuyanka. Ba kai ka soke shi ba, ko taɓa shi ba ka yi ba, amma abin da zai tsare ransa yana aljihunka, rara ce gare ka, ka riƙe. Haka suka faɗa game da rarar abinci da rarar ruwa ga wanda ya matsu.

Zare fa. Abin da ko a kasuwar Boɗinga ba ka tsayawa ciniki a kansa.

Na kawo wagga mas'ala ne saboda wani ciwo da ke shigowa gidajenmu a hankali, in ya shigo kuma sai ya jefa dangi cikin tambayar da ba su shirya mata ba: wanga ɗan'uwa namu da ke kwance, mi yake binmu? Abin da na lura shi ne mun juya lamarin. Abin da shari'a ta bar wa mutum zaɓi a kansa, shi muke matsa wa juna da gori. Abin da ya fi kusa da wajibi kuwa, shi muka ɗauka alfarma ce, in an ga dama a yi. Amma ba a yanke hukunci kan abin da ba a fahimta ba, don haka ku yi haƙuri mu ɗan leƙa asibiti tukuna.

Ciwon shi ne sankarar jini, kuma ita iri-iri ce. Akwai mai gaggawa da ke kayar da mutum cikin makonni. Wadda nake nufi ita ce mai tafiyar hawainiya, likitoci na taƙaita sunanta da CML. Tushenta cikin ɓargo yake, domin a jikin ɗan Adam ɓargo ne ke ƙera jini. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙunsoshi 46 masu ɗauke da umarnin yadda jiki zai yi aiki, ana ce musu kuromosom. A wannan ciwo, guntun na 9 da guntun na 22 ne ke musayar wuri a cikin ƙwaya ɗaya ta ɓargo, sai a samu wani baƙon umarni da ke ce wa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Masu bincike biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka fara ganin wannan gurguwar kuromosom a birnin Filadelfiya na Amurka a 1960, shi ya sa take amsa sunan birnin har yau. A 1973 wata likita, Janet Rowley, ta gano cewa musaya ce ta faru. Ku riƙe wannan: ba a gadonsa daga iyaye, ba a ɗaukarsa ta cin tuwo kwano ɗaya, kuma ba alamar wani ya yi wa wani asiri ba ne.

A Turai ciwon tsofaffi ne galibi. A Nijeriya yakan kama mutum yana da shekara talatin da wani abu ko arba'in da wani abu, wato daidai lokacin da gida ke kansa. Ku ɗauka magidanci ne a Kajiji ko Sifawa, yana noman gero da damina, yana ban ruwan albasa da rani. Sai ya fara gajiya ba dalili, yana jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare, ya sha fura ludayi uku ya ce ya ƙoshi, riga ta fara yi masa yawa. Sai a taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu a ji wani abu mai tauri. Saifa ce ta kumbura. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya daɗe, a kai shi wurin wanzami a yi tsaga a kan wurin, watanni su shuɗe. Ranar da aka kai ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato aka ƙirga jinin, inda ya kamata a samu fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000, sau da yawa sai a tarar sun haura 100,000.

Ciwon na da matakai uku. Na farko na lallaɓawa ne, yakan ɗauki shekaru, kuma a nan magani ya fi cin sa. Na biyu ya fara sauri. Na uku ya rikiɗe ya koma kamar sankarar jini mai gaggawa, a nan kam sai ikon Allah. Duk aikin likita shi ne kada a bari a bar matakin farko.

Shekaru da yawa abin da ke hannun likitoci shi ne kemoterafi, magungunan da ke kashe ƙwayoyi masu saurin yaɗuwa. Tun shekarun 1950 ana ba da busulfan, daga baya haidiroksiyuriya ya fi karɓuwa, har yau kuma ana fara ba da shi don a sauko da ƙirgen jinin. Yana aiki: saifa ta saɓe, mutum ya ji sauƙi. Sai dai sassabe ne, saiwar na nan ƙasa. Da shi kaɗai, yawancin marasa lafiya shekara uku zuwa biyar suke yi. Hanyar da ke tumɓuke saiwar ita ce dashen ɓargo, aikin da likita Donnall Thomas ya ƙarar da rayuwarsa a kai har aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Sai a 2001 lamarin ya sauya baki ɗaya, da aka amince da ƙwayar imatinib, wadda kamfanin Novartis ke sayarwa da sunan Glivec. Ita ba kashe komai da komai take yi ba, baƙon umarnin nan take toshewa. Ana haɗiye ta sau ɗaya a yini tare da abinci. A babban gwajin da aka bi marasa lafiya shekara 10, sama da 80 cikin 100 na masu shan ta suna raye. Ciwon da ake wa kallon takardar sallama ya dawo kamar hawan jini ko ciwon suga, ana zaune da shi ana tsufa. Shi ya sa yau ba a zuwa ga dashe sai in ƙwayar da ƙannenta irin su dasatinib da nilotinib sun gaza, ko ciwon ya wuce matakin farko.

Kafin wani ya rubuto mini a ƙasa cewa wannan maganin Nasara ne, a tuna masa ƙasar da yake tsaye a kai. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga. Ɗan Shehu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo wurinsa a 1824, cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Waɗanda suka koya mana tawakkali ba su ga karo tsakaninsa da neman magani ba. Wannan babi a rufe yake, mu wuce.

Mu fara da dashe, tun da shi ke tayar da ƙura a gida. Yadda ake yinsa, sai an fara kashe ɓargon maras lafiya da kemoterafi mai ƙarfin gaske. Sannan a sa masa ƙwayoyin asali na ɓargon wani ta jijiya, kamar ƙarin jini, su nemi hanya da kansu su shiga ƙashi su kama aiki. Kafin su kama, mako biyu zuwa huɗu, mutum ba shi da garkuwar jiki, ƙwayar cutar da ba ta kai ta sa ka atishawa ba tana iya ajalinsa, don haka a killace yake. In sun kama kuma akwai wani haɗari: sabon ɓargon ya ɗauki jikin da ya sauka a ciki a matsayin abokin gaba, ya far wa fata da hanji da hanta. Wasu sukan warke sarai su manta da ciwon. Wasu ba sa fitowa daga ɗakin. Da yawa daga waɗanda suka fito ba sa ƙara haihuwa saboda ƙarfin maganin. A Nijeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin likita Nosa Bazuaye, kuma wani yaro mai sikila aka yi wa da ɓargon ɗan'uwansa. Masu sankarar jini da yawa Indiya ko Masar ake nuna musu, da kuɗin da ko an sayar da gona da shanu ba lalle su kai ba.

Ɓargon wa za a sa? Ba rukunin jini ake dubawa ba, ba kuma gwajin AA da AS na kafin aure ba. Wasu alamomi ne na jikin ƙwayoyin halitta, rabi daga uwa rabi daga uba. Shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar ya dace da kai cif ɗaya ce cikin huɗu. Ɗan uba kuwa rabi zai iya dacewa, shi ma ɗaya cikin biyu. Iyayenka da 'ya'yanka kullum rabi ne. A da rabi ba ya aiki, yanzu likitoci sun samu hanyar yin dashe da shi. Kun ga ikon Allah: ɗan uban da aka shekara goma ana gaba da shi kan gonar gado yana iya zama shi ne ke ɗauke da maganin a ƙashinsa. Akwai ma rijistar masu ba da ɓargo da aka buɗe a Inugu a 2012 don wanda bai samu a gida ba.

Shi mai bayarwa, ko dai a yi masa allura kwana huɗu zuwa biyar, ƙasusuwansa su yi ciwo kamar mai masassara, sannan a haɗa shi da na'ura na wasu sa'o'i ta tace ƙwayoyin daga jininsa; ko a sa shi barci a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu. Ba laka ake taɓawa ba, mutane na yawan rikita biyun nan. Ba ya rage wa namiji ƙarfi, ba ya hana mace haihuwa, kuma cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta a ɗauki abin da jiki ke mayarwa da kansa, kamar jini da fata, daga mai rai a sa wa wani, da sharaɗin mai bayarwa ya yarda kuma ya cancanci ya yarda, sannan ba ciniki. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta hana sayar da sassan jiki. Kuma jini ba nono ba ne, ba ya haramta aure tsakanin zuriyar mai bayarwa da ta mai karɓa.

To halal ne, har ma babban aikin lada ne. Tambayar ita ce, dole ne?

Ku kalli yadda abin ke faruwa. An gwada 'yan'uwa shida, an tara su a zauren babban wa, an karanta sakamako a gaban kowa, ga shi ƙaramar ƙanwa ce ta dace, ko wani ƙane da ke cin abinci a gidan. Ido goma sha biyu a kansa, tsohuwa na kuka a cikin gida. Wa zai iya buɗe baki ya ce ina jin tsoro, a ba ni kwana uku in yi tunani? In ya ce haka, sunansa ya ɓaci har jikokinsa. In ya ce to, mu ce ya yarda. Ni dai ban ga yarda a nan ba. Majalisar Jidda da ta sa sharaɗin yarda ba sa hannu kan takarda take nufi ba. Shi ya sa a wuraren da aka ƙware da wannan aiki likita ke ganin mai bayarwa shi kaɗai, ba a gaban dangi ba, kuma dangi masu hankali su ma haka ya kamata su tsara tun kafin a ɗebi jinin gwaji.

Mai kaifin hankali zai ce: Malam, ai ka kama kanka. Kai ka ce wanda ya hana zare yana da lamuni. In cutarwar ba da ɓargo kaɗan ce, kuma rai za a ceta, mi ya raba shi da zare? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina wanda ya tafi kan cewa in mutum ɗaya tak ya dace to abin ya hau kansa. Amma ga inda na tsaya. Zare dukiya ce, ana iya biyanka kuɗinsa, har malamai sun ce kana da damar karɓa in mai raunin na da shi. Jikinka ba dukiyarka ba ne balle a ƙiyasta shi a karɓe, amana ce a hannunka, kai za a tambaya. Sannan ɗinki kusan tabbas ne zai tsayar da jini, dashe kuwa ba tabbas. Akwai kuma nauyin da ba a cika faɗa ba. In sabon ɓargon ya far wa maras lafiya ya rasu, mai bayarwa kan rayu yana jin kamar shi ya kashe ɗan'uwansa, wani lokaci ma a gida ake faɗa masa haka. Wanda zai ɗauki wannan kaya ya kamata ya ɗauka da hannunsa. A kwaɗaitar da shi lada, a cire masa tsoron da jahilci ya kawo, a bar shi ya amsa. Wanda ya ƙi don tsoro, a yi masa uzuri. Wanda ya ƙi don ƙiyayyar 'yan ubanci, ba za mu ɗaure shi mu kai asibiti ba, amma ya san sunan abin da ya yi, yanke zumunci ne. Mijin da matarsa ta yarda ta ceci ɗan'uwanta shi kuma ya hana don kawai ya nuna iko, ya ji tsoron Allah.

Shi ma maras lafiyar akwai matsin da ake yi masa. Dangi kan ce sai an fita da shi waje, kada duniya ta ce mun gaza. Majalisar Fiƙihun nan ta sake zama a 1992 ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da hali: wajibi ne in barinsa zai kai ga halaka, wani wuri mustahabbi, wani wuri halal kawai, wani wuri ma makaruhi in ana tsoron abin da zai haifar ya fi ciwon muni. Magidancin da likita ya zayyana wa haɗarin dashe, ya dubi 'ya'yansa ƙanana, ya ce kada a sayar da gonar da za su ci, bai yi saɓo ba, bai kuma rasa tawakkali ba. Ransa ne, shi ya fi kowa haƙƙin auna abin.

Yanzu mu zo inda zaren yake. Mafi yawan masu wannan ciwo ba za su taɓa buƙatar ɓargon kowa ba in an kama shi da wuri kuma ƙwaya ba ta yanke ba. Kuma abin mamaki, ƙwayar da a Amurka ta yi tsadar da talaka ba ya ko mafarkinta, a Nijeriya an daɗe ana ba da ita kyauta. Tun 2003 shirin tallafi na Novartis tare da gidauniyar Max ke raba ta ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Bayan haka, a 2013 kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin haƙƙin mallakar maganin a can, abin da ya bar ƙofa a buɗe ga kamfanonin da ke yin mai rahusa. Likitan jini a Sakkwato shi zai nuna wa maras lafiya inda zai karɓa da gwajin da ake buƙata. Amma kyauta ɗin nan ƙwayar ce kawai. Mutumin Shagari da aka tura Ile-Ife zai hau mota ya bi ta Tambuwal, Jega, Yawuri, Kwantagora, ya kwana a hanya, ya sauka garin da ba ya jin yarensu, ya biya gwaji, ya ci abinci, ya dawo. Bayan 'yan watanni ya sake. Ko a Sakkwato ne ma, zuwa ganin likita da gwajin jini ba sa ƙarewa. Ba shekara ɗaya ba, ba biyar ba.

Ga yadda muke kashe irin wannan mutum ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Watan farko gida cike da masu dubiya, kowa da lemu da ɗan abin sa wa ƙarƙashin filo. Wata na shida ya yi ƙiba, ya koma fadama, ana ce masa barka, ai ka warke. Shekara ta biyu ya zo neman kuɗin mota, aka ba shi ana ɗaure fuska. Shekara ta uku ya ji wani ya ce, wai wanga ciwo nashi ba ya ƙarewa ne? Daga ranar kunya ta hana shi tambaya. Sai ya fara dabara: ya sha yau ya tsallake gobe don kwalba ta daɗe, ya ɗaga zuwa asibiti sai bayan kaka. A 2010 likitocin asibitin Hammersmith na Landan sun auna wannan, suka tarar waɗanda ke shan ƙasa da kashi 90 cikin 100 na ƙwayarsu, wato tsallake abin da ya wuce kwana uku a wata, da wuya maganin ya danne ciwon yadda ake so. Tsallake-tsallaken nan kan ba ciwon sararin da zai taurare ya daina jin magani. Ranar da ya faɗi a mataki na uku, sai ga dangi sun taru, a sayar da sa, a sayar da fili, a sa hotonsa a Facebook da lambar asusu. Kuɗin da aka tara a makon ƙarshe, da an rarraba shi kan shekaru ukun baya, wataƙila da yana fadama yanzu. Ihu bayan hari.

Na san mafakar da masu ɗan karatu ke shiga. Za su ce a mazhabar Malik ciyarwar dole tana kan mutum ne ga matarsa da iyayensa da 'ya'yansa, ɗan'uwa ba ya ciki. Gaskiya ne, haka yake. Amma mas'alar zare ba a babin ciyar da dangi take ba. Mai raunin can ko ba ka san shi ba hukuncin na nan, dalilinsa rai ne da ke gabanka da kuma rarar da ke hannunka. In baƙo na da wannan haƙƙi, ina ga wanda kuka sha nono ɗaya? Wani kuma zai ce mai rauni yanzu-yanzu zai mutu, wannan kuwa yana yawo da ƙafarsa. To, jinkirin bai canza sababin ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya rarraba alhakin kan mutum ashirin da wata talatin, har kowa ya ji ba shi ba ne. Ba ina cewa akwai diyya a kan wani ba, wannan aikin alƙalai ne da masu fatawa. Ina cewa kuɗin motar nan ya fi kama da zare fiye da yadda ɓargo ya yi kama da shi, kuma farilla ce irin wadda in wasu sun ɗauke ta faɗi ga saura, in kowa ya noƙe kowa ya shiga ciki.

Me ya sa muka fi son babbar sadaukarwa ta rana ɗaya? Wani ɓangare tausayi ne na gaskiya, ganin mutum a kwance na motsa zuciya fiye da ganinsa a tsaye. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, wani ɓangaren ido ne. Wanda ya sayar da sa don ɗan'uwansa gari zai ji, za a faɗa a majalisa. Wanda ke tura kuɗin mota duk bayan wata uku shekara takwas, ba mai sani sai shi da mai karɓa da Ubangiji. Ku da ke karanta wannan a waya, mu duka mun san saurin da muke yi wajen yaɗa hoton mai kumburarren ciki. Ba laifi ba ne, a ci gaba. Sai dai kafin ka danna, tambayi masu neman taimakon wa zai ɗauki wata na goma sha uku.

Kuma ba a ce kowa ya kawo abin da ba shi da shi ba. Rara aka ce. Kowa ya san halin da ake ciki, ga tsadar taki, ga rashin tsaro da ya hana wasu gonakinsu. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafa, ai zumunta a ƙafa take: ya raka shi asibiti, ya shiga gayyar nome masa gona makon da ya yi tafiya, ya riƙe masa ranar komawa ganin likita. In dangi za su zauna a zaure, zaman da ya fi amfani shi ne na farkon ciwo, a ɗauko takarda a rubuta wane ke da tafiyar Rajab, wane ke da ta bayan Sallah, a ajiye takardar wurin wanda ake jin nauyinsa. Masu fitar da zakka su sani maras lafiyar da ciwo ya talauta yana cikin masu cin ta, kuma ba sai ya kwanta ba. Jihar Sakkwato na da hukumar zakka da waƙafi, masallatan Juma'a na da kwamitoci. Waƙafin shago ɗaya da hayarsa ke tafiya kan kuɗin mota da gwajin irin waɗannan bayin Allah zai yi abin da gangamin rana ɗaya ba zai yi ba.

In mace ce ke da ciwon, nauyin ya fi. Imatinib na iya cutar da ɗan tayi, don haka maganar ɗaukar ciki sai da tsarin likita, kuma a gidajenmu kun san abin da jinkirin haihuwa ke jawo wa mace. Tsofaffin littattafai da yawa ba su sa kuɗin magani cikin ciyarwar da ke kan miji ba, amma sun yi magana ne a zamanin da magani bai kai matsayin da ya kai yau ba, shi ya sa malaman zamani da dama suka ce yana ciki. Namijin da ya tura matarsa gidan ubanta da kwalbar magani a hannu ya ce in ta warke ta dawo, alhali likita ya gaya masa ciwon na zama ne, ya san saki ya yi, sunan ne kawai bai kira ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai ɗauke da ciwon, akwai naka. Mutane ba za su yi ta haɗa maka kuɗin mota kai kana ajiye ƙwaya a aljihun riga ba. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, gwaji ne ke faɗa. Yi addu'a, yi ruƙiyya, sha zamzam, amma duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayar don nasa maganin ya kama, ka tashi daga gabansa. Ko jiƙo za ka sha, gaya wa likita, domin wasu ganyaye na karo da ita. Azumi kuma, tun da sau ɗaya ake sha a yini, tambayi likitanka ko za ka mayar da ita buɗa-baki, in ya ce jikinka ba zai ɗauki azumin ba, Allah Ya riga Ya yi maka rangwame. Gaskiya ne akwai waɗanda bayan shekaru ciwon ke ɓacewa daga gwaji har likita ya gwada dakatar musu da magani, kusan rabinsu su zauna lafiya, saura a mayar da su kan ƙwaya. Amma wannan da gwaji a kai a kai ake yinsa, ba shawarar da mutum ke yankewa shi kaɗai a ɗaki ba ce don kunyar roƙo ta ishe shi. In kuɗin tafiya ya gagara, faɗa tun saura wata guda, kada ka bari sai kwalba ta ƙare.

Wanda kuma ke da wani a gida mai kumburin saifa da ramewa da gumin dare da suka ƙi tafiya, a kai shi a ƙirga masa jini kafin a kai ga aska. Gwaji ne na yini ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.